Lambar Yaron Nan, 17389

Litinin, 4 ga Yuni, 1956

Takarda ta zo daga barikin Zariya, daga yaron nan, ɗana na fari. Ni na karanta da kaina, da yatsa, sau huɗu. Ya ce in yafe mashi shiga soja da ya yi ba da yardata ba. Bayan babbar salla za a ɗauke su zuwa nesa, yana son jin amsata kafin nan. A ƙasa ya sa lambarshi: 17389.

Na yafe tun tuni. Shi ne bai sani ba.

Alhamis, 7 ga Yuni

Na rubuta amsa. A bayan ambulan na sa lambar da sunan bariki kawai. Shekara ashirin bakina bai kama sunan ɗan fari ba, hannuna zai fara? Sanusi direba ya tafi da ita gidan waya a Funtuwa.

Talata, 12 ga Yuni

Malama Adama, mai koya mana karatu a gidan mai unguwa, ta nuna mana lissafin rabawa. Na gwada da lambarshi a allo. Gida biyu, saura ɗaya. Gida ukku, huɗu, shidda, bakwai, tara, duk saura ɗaya. Malama ta kai wa mijinta, ya wuni a kanta, ya ce irin wadda ba ta rabuwa daidai ce sai da ɗaya ko da kanta.

Ina tankaɗe ina ganinsu, maza dubu sha bakwai a fili kamar gero ya fitar da kai, kowa da abokin tsayuwa, ɗaya a gefe. Ko ya ci abinci?

Asabar, 30 ga Yuni

Shiru. Na gwada goma sha ukku. Ba ta rabu ba.

Lahadi, 8 ga Yuli

Takardata ta dawo, ba a buɗe ba. Sanusi ya ce wai ba suna. "Inna, lamba ba ta amsa sallama," in ji shi. Goggo Nana da ta zo daga Faskari ta ce in ba Malama ta rubuta mani sunan, kunya ado ce. Malama ta ce ita ba ta ɗauko ni daga baƙaƙe don in koma aron hannu ba.

Salla saura kwana goma sha ɗaya.

Laraba, 11 ga Yuli

Motar Sanusi ta tashi da hantsi, takardar na ciki. Na rufe ƙyaure kafin in rubuta sunan. Ban faɗa da baki ba, Allah ya gani.

Yanzu na ga ya fito sau ukku a bangon littafin nan. Gwajin alƙalami ne. Zan goge, in na samu sarari.