Wa Ke Shanye Gahawar Corene?

Garin Helper, Satumba 1978

Zuwa ga Kaka Arvilla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi, su Kawu kuma suna lafiya a Manti.

Kin san na tsaya takarar kwamishinar gunduma. Ƙuri'un 'yan cocinmu kaɗai ba za su kai ni ba, sai na haɗa da na mahaƙa kwal, Girkawa da Italiyawa. Su kuwa duk gidan da na shiga sai an miƙo mini gahawa. In na ƙi, na raina su. In na sha, na karya dokar cocinmu da ta hana shan gahawa, abokin takarata Delbert Tolman ya samu abin yawo da shi. Sai na riƙa karɓa ina riƙewa kawai.

Kaka, in na zo ajiyewa sai in ga finjalin wayam. Leɓena bai taɓa shi ba, rigata a bushe, ƙasa a bushe. Ji nake yana rage nauyi a hannuna kaɗan-kaɗan, kamar ana kurɓa. Gari ya ɗauka wai ina sha.

Jikarki,
Corene

Ranki ya daɗe Mai Kujera,

Na gaishe ki, ƙafa kuma tana nan tana mulkinta. Lalle siyasa ta karɓe ki, har kin fara shan abu kina cewa ba ke ba ce!

Rabu da Delbert. Tun yana da gashi yake ɓoye baƙin lemon kwalban nan a ƙarƙashin kujerar motarsa. In an kama shi ya ce ai abin sha mai zafi doka ta hana, nasa da ƙanƙara. Abin da ke hana barci a cikinsa da na gahawa duk ɗaya ne, amma je ki gaya masa.

Ina da tambaya. In finjalin ya ƙare, kina jin ana sauke numfashi a bayan kunnenki, irin na wanda ya ajiye kaya? Kada ki ba ni amsa yanzu. Je ki wurin tsohuwa Stavroula ta bayan tashar jirgi, mai duba a gindin finjali. Kar bishof ya ji ni na aike ki, ja'ira.

Kakarki mai ƙaunarki,
Arvilla

Kaka,

Ina gaisuwa. Ban taɓa gaya wa kowa zancen numfashin nan ba. Yaya aka yi kika sani?

Na je da hantsi. Ta dafa gahawa, na riƙe finjalin, ya ƙare a kan idonta. Ko gezau ba ta yi ba. Ta kifa finjalin a faranti, ta buɗe ta duba, ta ce, “'Yata, wannan ba naki ba ne. Na namiji ne, hannunsa ba babban yatsa.” Sai ta dubi bayan kafaɗata ta ce, “Manoli, ashe ƙishin bai sake ka ba?”

Ranar Asabar akwai muhawara a zauren gari. Delbert ya yi alkawarin zai tambaye ni a gaban kowa. In na ce ina sha, coci ta bar ni. In na ce ba na sha, mahaƙa su ce zubar musu nake yi a ɓoye. Me zan ce?

Taki cikin damuwa,
Corene

'Yar nan,

Gaisuwa, ki nutsu. Kakanki ne, wa kuma? Yatsan a ramin kwal ya bar shi tun kafin ya gan ni. Ke ba ki riske shi ba, shi ya sa.

Da ya zo neman aurena, ubana ya ce ba zai ba Bagirke mashayin gahawa 'yarsa ba. Mutumin nan ya shiga coci, aka tsoma shi a ruwan baftisma, ya ba ƙanwarsa tukunyar gahawarsa. Har ya mutu bai ƙara kurɓa ba. Sai dai in mun wuce ƙofar 'yan uwansa ya rage tafiya, hancinsa na rawa kamar na zomo. In ce, “Manoli, ɗaure takalmi za ka yi?” Ya ce, “Iska nake sha, Arvilla, ita ma an hana?” Ya sauke numfashin nan.

Da alama ya binciko cewa dokar ta masu ciki da hanji ce. Ga shi ya samu jika mai zaga masa gida-gida, kyauta.

Faɗi gaskiya ranar Asabar. Ki riƙe finjalin nesa da jikinki, kowa ya gani. Kuma kar ki waiwaya, ba ya son a zura masa ido in yana sha.

Kakarki,
Arvilla

Helper, Nuwamba

Kaka,

Ina gaisuwa. Delbert da kansa ya kawo gahawar, ya dire a gabana yana dariya. “Ga mutuniyarki, 'yar'uwa Corene. Ko yau kunya ake ji?”

Na ɗaga, na miƙe hannu. Na ce, “Ni ban taɓa sha ba. Kakana Manoli ke karɓar mini.” Aka bushe da dariya. Sai tururin ya karkace ya nufi kafaɗata, alhali tagogi a rufe. Dariyar ta yi ta mutuwa daga layin gaba zuwa baya. Da na kifa finjalin, ko ɗigo. Numfashin nan kuwa har na bakin ƙofa sun ji shi.

Wani tsohon mahaƙi ya cire hularsa ya ce, “Sannu da zuwa, Manoli.” Delbert ya ce, “Ni dai lemo nake sha,” ba wanda ya tambaye shi.

Na ci zaɓe, Kaka. Amma ba wanda ke yarda ya tsaya a bayana.

Jikarki,
Corene

Ranki ya daɗe,

Barka, Allah ya taya riƙo. Jiya da kawunki ya fita na aro garin gahawa wurin maƙwabciya, na dafa yadda na ga ƙanwar kakanki na yi, na ajiye a teburi. Kujera ta ja baya da kanta. Na zauna ina kallo har finjalin ya huce, cike taf.

Matsoracin nan har yau ba ya sha a gabana. Gobe zan juya baya.

Kakarki,
Arvilla