Rasuwar Dakta Nuriya da Sa Hannu Biyu da Aka Hana Mijinta

Cikin alhini da zuciya mai ɗaci, Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Yankin Yafa Mazauna Birnin Sheffield na Birtaniya ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma amintacciyarmu, Hajiya Dakta Nuriya Muhsin al-Yafa'i, mai kantin magani da ke unguwarmu, wadda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kowa a cikinmu ya san cewa mai neman zama ɗan Birtaniya, bayan jarrabawar sanin ƙasa da ta Turanci, sai ya kawo mutum biyu da suka san shi shekara uku su shaide shi, ɗaya mai sana'ar da hukuma ta yarda da ita, ɗaya mai fasfon ƙasar. Marigayiya ta yi shekara da shekaru tana wannan shaida a bayan kantarta, ga direbobin tasi da ma'aikatan ƙarfe da matan da ba su da kowa, ba ta taɓa karɓar ko kwalbar zuma ba. Wanda ba ta sani ba kuwa, ko ɗan wane ne, sai ta mayar masa da takardarsa, kuma akwai waɗanda ba su yafe mata wannan ba har yau.

Mutum ɗaya doka ta hana ta shaida, shi ne mijinta, Malam Sabit Ubaid, domin ba a karɓar shaidar iyali, kuma ya cika kowane sharaɗi sai wannan. Tana kwance a asibiti ya yi ta bin gidajen mutanen da ta tsaya musu. Wani ya ce, "Haba ɗan'uwa, ka san ba na son sunana ya shiga ofis." Wani ya ce, "Bari in dawo daga Umra." Waɗannan mutanen ne muka gani jiya a sahun farko na jana'iza, suna sharar hawaye, suka kuma zauna suka ci shinkafa da naman da shi Malam Sabit ya dafa. Ƙungiya ba za ta ɓoye ba, abin ya ba mu ƙyama, kuma kunyar ta shafe mu duka. Sassaucin rage shekarun jira da doka ke yi wa mijin 'yar ƙasa irinta ya tafi tare da ita, yanzu sai Malam Sabit ya sake jira.

Muna roƙon Allah ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba Malam Sabit da 'ya'yansu, Arwa da Fadal, haƙurin wannan babban rashi.

Za a ci gaba da zaman makoki a zauren ƙungiya har Juma'a. Duk wanda marigayiya ta shaida, ya zo da fasfonsa da alƙalami domin Malam Sabit. Wanda ba zai iya ba, ya yi mata addu'a daga gida, mun ɗauke masa wahalar zuwa.

Sa hannu:
Alhaji Musanna Ƙa'id al-Shu'aibi
Kakakin Ƙungiya