Ba Ta da Suna Tukuna

Litinin, 7 ga Oktoba

An sallame ni daga ɗakin haihuwa, amma ba inda za ni. Yarinyar tana cikin kwalba, bakwaini ce. Ni kuma an ba ni katifa a ɗakin iyaye mata, nan asibitin Gwagwalada. Aikinmu ɗaya ne: mu tatsi nono a kofi, sista ta ɗura wa jariran ta robar hanci. Nawa ya ƙi zuwa. Na matsa, na matsa, hawaye ya fito, nono bai fito ba.

A jikin kwalbar an manna takarda, Baby Christina. Sunana ne, ba nata ba. Hakan ya fi mini.

Laraba, 9 ga Oktoba

Leonard ya taso daga Kubwa bayan aiki, ya iso a galabaice, da kunun kanwa da mamarsa ta dama. Ban gama kofi ɗaya ba ya ɗauko maganar suna. Wai ran Asabar ne kwana takwas, Fasto ya ce zai zo ko a bakin ƙofa ne ya yi addu'a a raɗa mata. Na ce ba za a yi ba. Ya ce Christy. Na ce kada ya Christy ni.

Ya manta ne? Felicity, 'yarmu ta fari, tun tana ciki muka sa mata suna, har na kai aka ɗinka shi a jikin shawul. Ba ta kai ranar sunan ba. Har gobe in na ji an kira wata Felicity a kasuwa sai in bar cefanen in koma gida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Wannan in za ta tafi, ta tafi ba tare da ta bar mini abin da zan riƙa ji a bakin mutane ba.

Bawan Allah. Ya ajiye mini Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohon nan na babansa da bangon ya ɓare. Na ce ya tura shi ƙarƙashin katifa. Da ya tafi na ji tausayinsa, takalminsa duk laka.

Alhamis, 10 ga Oktoba

An ba ta madarar gwangwani, ta amayar. Likita ya ce nonona take bukata. Kamar ɓoye shi na yi.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Hadijatu, mai katifar kusa da tawa, yau aka yi sunan ɗanta. Ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, ga surutu kamar rediyo. Yaronta yana kwalbar da ke jikin ta yarinyar, ya ma fi ta ƙanƙanta. Amma an yanka rago a gida, an kawo soyayyen nama a kula, ta bi mu katifa katifa tana rabawa. Al-Amin. Nan take kowa ya koma ce mata Maman Al-Amin. Ni kuwa Maman Baby, ita ta laƙaba mini, tana yi tana dariya.

Na tambaye ta ba ta jin tsoro? Ta ce tsoro kam da suna da babu suna duk tana ji, to in ta ɗaga hannu ta ce wa Allah wa? Na ce Allah ai ya san kwalbar. Ta ce kai Maman Baby, bakinki!

Lahadi, 13 ga Oktoba

'Yan Zumuntar Mata sun zo bayan coci, cikin ankonsu, da tuwo da miyar kuka. Na gode musu, har ga Allah. Amma shugabarmu, Mama Prudence, ta riƙe hannuna ta ce kada in kuskura in yi kuka, kuka rashin bangaskiya ne, in riƙa furta nasara kawai. Na yi ta murmushi har kumatuna suka yi tsami.

Da suka tafi na jawo littafin nan, ba don ibada ba, don haushi. Ina so in ga inda aka hana uwa kuka. Na buɗe tsakiya, na faɗa Zabura ta goma sha uku. Mutum ne yake tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da shi, har yaushe zai ɓoye masa fuska. Kai tsaye, ba kwana kwana. Na sake karantawa. Ashe an yarda a faɗi wannan? Har a rubuta shi, a bar shi a ciki?

Na zagaya bayan tankin ruwa na karanta da ƙarfi, na ƙara da nawa. Na faɗa wa Ubangiji maganar Felicity, wadda ban taɓa yi masa ita ba, gaisuwa kawai muke yi tun lokacin. Na yi kuka har majina. A ƙarshen zaburar mutumin ya ce duk da haka ya dogara ga ƙaunarsa. Nan ban bi shi ba. Ban kai can ba tukuna.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na tashi gaban rigata sharkaf. Rabin kofi! Hadijatu ta yi guɗa ƙasa ƙasa don kada sista ta kore mu.

Talata, 15 ga Oktoba

Al-Amin ya rasu da la'asar.

Laraba, 16 ga Oktoba

Jiya na kasa rubutu. Ni na naɗe wa Hadijatu kayanta. Nonon da ta tatsa da rana yana nan a kofi, ba wanda ya iya zubarwa. Da mijinta ya zo ɗaukarta ta rungume ni, ta ce, “Ya tafi da sunansa, Christina. Na san wanda nake yi wa kuka.” A bakin ƙofa ta juyo. “Ki kira ta. Suna ji fa.”

Na shiga na tsaya gaban kwalbar. Ta kusa da ita an goge, an kashe fitilar. Na buɗe baki, ba abin da ya fito.

Yau na karanta Ishaya arba'in da uku, inda baban Leonard ya ja layi da jan biro. Ubangiji yana cewa kada a ji tsoro, ya kira mutum da sunansa, nasa ne. In ya bi ta ruwa mai zurfi yana tare da shi. Na lura bai ce ba za a shiga ruwan ba. Da ya ce haka da na rufe littafin, don na shiga, na sani.

To in shi yana kiran ta, ni daga wa nake ɓoye ta?

Asabar, 19 ga Oktoba

Likita ya ce har yanzu da sauran tafiya, kada mu saki jiki. Na ji.

Yau aka fara ɗora mini ita a ƙirji, fata da fata, aka rufe mu da zane. Ba nauyi ko kaɗan, kamar ɗan tsako. Ɗumi gare ta. Na yi mata 'yar magana a kunne, tsakaninmu ne.

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. An kawo wata Christina ɗakin, sista tana ta mitar kofunanmu za su rikice, shi ya sa na yanki filasta na rubuta wani abu na manna a nawa. Leonard ya zo, ya ɗauki kofin zai wanke mini. Ya karanta. Ya daɗe a tsaye, ya ba ni baya, wai famfon ne ba ya zuba sosai. Na ce in Fasto zai zo gobe ya zo, amma ban da rumfa da kujeru, ba biki nake yi ba.

Hadijatu ta kira, ta tambayi jikin Baby. Na ce mata Marvel ta shanye duka yau, ba ta amayar ba.