Ranar da Motoci Suka Yi Ladabi

Illela, Litinin

Zuwa ga aminina Malam Muhammadu Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar jikinka, da 'yarka Ummul Khairi da ke ɗawainiya da kai. Allah ya ƙara sauƙi.

Ka yi dariya idan ka ga dama. Shekara sittin muna tare, yau ga ni ina rubuta maka wasiƙa, alhali daga dakalin ƙofar gidana ina hango rufin zaurenka. Waya ba ta yi mini amfani, kunnen ya yi nauyi. Ranar da ɗana Faruk ya kira daga Ikko, "na'am, na'am" na yi ta yi har ya gaji ya kashe. Hindatu mai fura ta yarda za ta riƙa kai mana takarda duk lokacin da ta ƙetara kwaltar da ta raba mu.

Wata bakwai ke nan rabona da ganinka, tun ranar da babur ya kwashe ni a tsakiyar kwalta ƙuguna ya goce. Na warke, sai dai tafiyar ta ragu ƙwarai. Na auna: daga wannan bakin kwalta zuwa naku, da sandata, sai na yi minti biyu. Na zauna da agogo kwana uku, ban ga lokacin da hanyar nan mai zuwa iyakar ƙasa ta huta na minti biyu ba. In tirela ta wuce ga motar albasa, in ta wuce ga 'yan kabu-kabu. Babur kuwa ba na iya ɗaga ƙafa in hau. Maƙwabcina Abdulaziz ya ce zai kawo ni a motarsa idan ya dawo daga Ƙonni. Ya dawo sau uku, nauyin tuna masa nake ji.

Saboda haka na yi abin da na iya. Na rubuta takardar koke zuwa ƙaramar hukuma, ina roƙon a yi mana tudun rage gudu guda biyu daidai masallaci. Mutum talatin da ɗaya suka sa hannu, yawancinsu dangwale, mai unguwa ya buga hatimi. Da alƙalamin tawada na rubuta ta, sakin layi uku, yadda aka koya mana.

Gidan shiru tun rasuwar matata Sadiya. Wata rana sai an kira azahar nake tuna ban yi magana da kowa ba tun safe.

Ka huta lafiya.
Naka, Hamidu

*

Zuwa ga Hedimasta Hamidu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ummul Khairi ka rubutawa, ni ina faɗi, don hannun dama har yau bai dawo ba.

Takardarka ta iso, ta sha man fura kaɗan amma an karanta. Kai dai ɗan boko ba ka canzawa. Ko ƙishirwa ta kama ka, sai ka rubuta ma rijiya takarda, sakin layi uku. Mi za ka yi da agogo bakin hanya, jama'a su ce tsohon ya taɓu?

Amma na ji daɗi. Tun da anka kwantar da ni, babu mai musu da ni. Kowa ya shigo sai "gaskiya ne, Malam," ko da na faɗi shirme. Jiya da gangan na ce ƙauyen Lafani ya fi na Gidan Katta nisa da Makka, sunka ce gaskiya ne. Da kana nan da mun kai magariba a kan wannan.

Ka gaya ma hukumarka ta yi sauri. Ba don in tada hankalinka ba, amma jikin wanga ba shi da niyyar jiran kowa.

Allah shi haɗa fuskokinmu.
Muhammadu Lawal

*

Daga Sashen Ayyuka

Zuwa ga Malam Hamidu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ana sanar da kai cewa takardar kokenku ta iso kuma an buɗe mata fayil. Wannan hanya ba a ƙarƙashin ƙaramar hukuma take ba, don haka ba mu da ikon taɓa ta da kanmu. Abin da ke hannunmu shi ne mu duba wurin, mu rubuta rahoto, idan kwamiti ya gamsu akwai haɗari sai ya tura shawara ga masu hanyar.

An wakilta ni in zo ranar Alhamis, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, domin in ga yadda ababen hawa ke wucewa da yadda jama'a ke ƙetarawa.

Naka cikin ladabi,
Maharazu

Baba, mahaifina ya ce a gaishe ka. Ya ce kai ka koyar da shi a aji huɗu, kuma har yau yana tuna rularka.

*

Illela, Juma'a

Malam Lawal,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki? Ka ce wa Ummul Khairi ta gyara zama, yau labarin da tsawo.

Ma'aikacin ya zo jiya, kuma ba mu ji kunya ba. Tun da takardarsa ta iso na aika wa mai unguwa, na ce baƙon hukuma zai zo saboda mu, kada ya tarar da mu kamar marasa manya. Aka share bakin kwalta tun daga masallaci har shagon mai faci. Mai unguwa ya yi magana da shugaban 'yan kabu-kabu, ya kuma je tasha da kansa. 'Yan sintiri huɗu suka tsaya, biyu ta kudu biyu ta arewa, da jan ƙyalle a hannu, suna sa motoci su lallaɓa don kada a bule baƙo da ƙura yana cin abinci. Na sa aka yanka zakaran nan mai damuna da cara.

Yaron kirki ne Maharazu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya zauna a kan tabarmata da littafinsa yana ƙirga motoci, ni kuma ina ba shi labarin ubansa. Dakalina ya cika da mutane. Rabon da in ga haka tun zaman makokin Sadiya, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi har na manta da ƙugun.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wajen sha ɗaya, hanya ta yi lumus, tireloli suna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Na ga Ummul Khairi a wancan bakin tana yafito ni da hannu. Na gan ta sarai. Har na kai hannu ga sanda. Amma baƙo yana kan tabarmata, takardata ce ta kawo shi, ko loma uku bai yi ba. Yaya zan tashi in bar shi? Na ce a raina, saura ƙiris a yi tudun, sai in riƙa zuwa kullum har ka gaji da ni.

Da na raka shi ya hau babur ɗinsa, kafin in juyo 'yan sintiri sun naɗe ƙyallensu sun tafi masallaci. Hanya ta koma halinta.

Ka yi haƙuri. Kwana kaɗan ne.
Naka, Hamidu

*

Daga Sashen Ayyuka

Zuwa ga Malam Hamidu,

Bayan gaisuwa, kwamiti ya zauna a kan kokenku ranar Talata. Rahoton ziyara ya nuna cewa cikin awa biyu ba a ga abin hawa ko ɗaya da ya yi gudun da ya wuce kima ba, kuma mutum arba'in da uku sun ƙetara ba tare da wata wahala ba. An kuma lura unguwar tana da nata tsari na 'yan sintiri masu kula da hanya, abin da kwamiti ya yaba. Bisa wannan, ba a ga dalilin tura shawara ba a yanzu. Kuna da damar sake shigar da koke bayan wata shida.

Naka cikin ladabi,
Maharazu

Baba, don Allah kada ka ga laifina. Abin da idona ya gani na rubuta. Kafin in tafi na ja mai unguwa gefe na tambaye shi ko kullum haka hanyar take, ya ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, unguwarmu sai godiya." Na gode da karramawar da aka yi mini.

*

Hedimasta,

Salamun alaikum. Ummul Khairi ta karanta mini takardar hukumar da ka aiko. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, anka ba ni ruwa.

Kai da mai unguwa, Allah shi shirye ku. Kun kira likita, kun wanke marar lafiya, kun sa mishi kwalli da babbar riga, kun ce ya tashi zaune ya yi murmushi. To mi kuke so likita ya rubuta?

Kada ka sa abin a rai. Ni ma da baƙo na kan tabarmata, ba ni tashi. Haka anka rene mu.

Ranar nan na sa anka ɗauko ni anka aje ƙofar zaure, anka sa mini hula. Idon ba ya kai nisa yanzu, amma na hangi wata farar riga tsakiyar mutane, tana ta kaɗa hannu wajen magana. Ban ko tambaya ba, na san kai ne. Na zauna har rana ta iso ni, sannan anka maida ni ciki.

Na gaji, Ummul Khairi ta ce in bari haka nan. Ka yafe mini abin da ke tsakaninmu, ni na yafe.

Muhammadu Lawal

*

Illela, Alhamis

Zuwa ga ɗana Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ka gaishe da mahaifinka. Ban ga laifinka ba. Laifin nawa ne.

Aminina Malam Muhammadu Lawal, wanda saboda in gan shi na rubuta muku, ya rasu jiya da hantsi. Maƙabarta a ɓangarenmu take, don haka ta gaban gidana aka biyo da shi. Da aka sako makara a kan kwalta, motoci suka tsaya da kansu, babu wanda ya ɗaga musu hannu. Wani direban tirela har ya sauko ya bi sahu. Na tsaya a bakin hanya da sandata, aka rage tafiya saboda ni, na ɗora hannuna a kan makarar na yi taku biyar ko shida. A ƙarshe shi ne ya ƙetaro.

Yanzu ba ni da wanda zan je gani a can. Amma Hindatu tana ƙetarawa sau huɗu a yini da ƙwarya a ka, ga tsofaffi masu zuwa masallaci. Ban san ko zan kai wata shidan ba, shi ya sa na rubuto tun yanzu. Ka ajiye wannan a cikin fayil ɗin.

Idan lokacin ya yi, ka zo ranar kasuwa. Kada ka aiko da takarda, kada ka gaya wa mai unguwa. Ka tsaya can wajen mai faci ka yi ƙirgarka. Idan ka hango ni a dakali, ka wuce kamar ba ka san ni ba, domin in ka yi mini sallama, zan tashi in shimfiɗa maka tabarma.

Wassalam.
Hamidu