Famfon da Ya Ƙi Fita, da Tabarmar da Ta Sha Baƙin Mai

Goggo Meleane, ki taimake ni da shawara kafin in ɗauki gudumar mijina in jefa ta cikin teku. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, amma abin ya kai ni maƙura, kuma a ƙauyenmu duk wanda na faɗa wa da safe, kafin rana ta take maganar ta isa kunnen wadda nake ɓoye wa.

Mijina, bari in kira shi Lisiate, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da ya gada daga mahaifinsa. Motar ta girmi aurenmu, ƙofar hagu da igiya ake ɗaure ta, amma in kin ji yana yabonta sai ki ce jiya aka sauke ta daga jirgi. Tun bara take zafi. Duk sa'ad da ta fara tururi a kan hanyar da ta ratsa ruwa zuwa gonarmu, sai ya sauko da bokiti ya ɗebo ruwan teku ya ɗura mata a lagireto. Na yi magana har bakina ya gaji, ya ce ruwa ai ruwa ne. To ga shi famfon ruwan injin ya fara kuka yana yoyo, watan jiya ya tsaya cak.

Ɗan ƙanensa da ke ƙasar waje, a Auckland, ya aiko mana da sabon famfo a cikin duron kaya. Lisiate ya ce aikin rabin yini ne. Goggo, har yau muna cikin wannan rabin yinin. Ya cire fambel, ya cire fanka, ya kwance notuna, da ya zo na ƙarshe ya ƙara wa sifana bututu ya dage ya ja, kan notin ya tsinke ya bar guntun a cikin inji. Tsohon famfon kuwa gishiri da tsatsa sun manne shi kamar tare aka ƙera su da injin. Ya buga, ya yi zagi, ya fasa babban yatsa. Kullum da yamma abokansa na shan kava, jiƙon saiwar nan da maza ke taruwa su sha, suna zagaye motar, kowa hannu a baya, wannan ya ce a zuba man kwakwa, wancan ya ce a hura wuta a ƙarƙashi. Babu mai taɓa sifana a cikinsu, amma ni ce mai dafa musu shayi.

Da mu kaɗai abin ya shafa, da na zuba masa ido. Yayarsa, Yaya Kalolaine, za ta yi wa ɗanta aure Asabar ta sama, kuma ta ce motar ƙanenta ce za ta kwaso doya da aladu daga gona zuwa gidan biki. Kin san ba roƙo take yi ba, 'yar'uwa ce, a al'adarmu maganarta a kansa take. Ta aiko tana tambaya, ya mayar mata da cewa mota lafiya lau, ana ɗan share ta ne. Saboda haka ba ta nemi wata ba, kuma 'yan motocin da ke ɓangarenmu ana ta kama su. In ranar ta zo abincin biki yana gona, ba shi kaɗai zai sha kunya ba, ni da 'ya'yana ba za mu ƙara ɗaga kai a taron dangi ba.

Ina da wa, Semisi, gyaran injin jiragen kamun kifi yake yi a bakin tasha, yana da na'urar walda. Lisiate ya ce gara motar ta ruɓe a inda take, don wata rana a gaban mutane Semisi ya tambaye shi ko kaji sun fara ƙwai a cikinta. Wasa ne fa, kowa ya yi dariya ya manta, shi ya riƙe.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na Lahadin da ta wuce. Ya ce cikinsa na murɗa, ba zai je coci ba, na tafi da yara. Cocin bai fi jifa daga gidanmu ba. Ana cikin addu'a, kowa ya yi tsit, sai ga ƙara tana tasowa, dum, dum, dum. Ashe kan gudumar ya naɗe da tsumma wai kar a ji, a ranar da ko kanti ba ya buɗewa. Matar mai wa'azi ta waiwayo ta dube ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na dawo na tarar ya rataya tabarma a bakin rumfar da motar take don kar masu wucewa su gan shi. Goggo, ba ta zama ba ce. Tabarmar biki ce, wadda ni da matan ƙungiyarmu muka yi watanni muna saƙawa don in miƙa wa Yaya Kalolaine. Iska ta kaɗo ta kan injin, gefe guda ya sha baƙin mai da jan ruwan tsatsa. Wai ita kaɗai ce mai faɗin da zai rufe ƙofar. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuma tun ranar ban ce masa komai ba sai ga abinci nan.

In je in faɗa wa yayarsa gaskiya, ya ce na tona masa asiri? Ko in kira wana a ɓoye? Ko in yi shiru mu sha kunyar tare? Ina son mutumin nan, ba rago ba ne, amma Allah ya sani kansa ya fi famfon tauri.

Matar Mai Guduma, tsibirin Vava'u

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki, na yi dariya a wurin gudumar, na daina a wurin tabarmar. Duk wadda ta taɓa duƙawa tana saƙa har bayanta ya ƙage ta san abin da aka ɓata miki. Fushinki yana kan hanya, kuma kina binsa bashin ban haƙuri, ke da matan da suka saƙa tare da ke.

Amma ki dube shi da kyau. Mutumin da ya yi ƙaryar ciwon ciki ya tsaya bugun ƙarfe ranar Lahadi ba taurin kai kaɗai ke damunsa ba, tsoro ne. Motar mahaifinsa ce, kuma karon nan yayarsa ta dogara da shi a gaban dangi. Ya faɗi ƙarya ɗaya, yanzu yana neman ya fitar da ita da guduma.

Kada ki je wurin Yaya Kalolaine a bayan idonsa. Maganar tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwa ce, in ta fito daga bakinki za ta yi masa ciwo biyu. Kada kuma ki shigo da Semisi ta bayan gida. Ki zaunar da mijinki ki buɗe baki, shirun nan ba ya gyara mota. Ki ce masa abu biyu za a yi. Na farko, da ƙafarsa zai je ya gaya wa yayarsa cewa mota tana kwance, ta kama wata a ajiye ko da tasa za ta tashi. Faɗan da za ta yi masa yanzu a cikin ɗaki ya fi sauƙi a kan wanda za ta yi ranar biki. Na biyu, ranar Litinin da safe zai riƙi doya mai kyau ya je tasha wurin Semisi. Shi ma Semisi ki ja masa kunne, maganar kaji ta ƙare.

Game da famfon, na tambayi wani tsohon makanike maƙwabcina. Ya ce a ajiye guduma, domin in jikin injin ya tsage, motar ta gama yawo. A haska fitila a duba bayan mazaunin fambel, sau da yawa akwai wani notin da ya ɓuya a cikin datti. Guntun da ya karye kuwa, a yi masa waldar wani notin a kai, zafin waldar kansa yana sakin tsatsa. In famfon ya fita a kankare mazauninsa tas, a sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo, a ɗaure notuna sannu a hankali ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. A wanke lagireto da ruwan sama na tanki, a zuba ruwan sanyaya inji. Bokitin nan kuma a mayar da shi wurin wankin kaya.

Tabarmar ki kai wa tsofaffin ƙungiyarku, sun san yadda ake yanke gefe a sake kitse baki. Shi zai ɗauko ta a kafaɗarsa, shi zai yi musu bayani, ke ki tsaya a gefe.

Abu na ƙarshe da makaniken ya faɗa shi ne wanda nake so Lisiate ya ji. Kafin a taɓa komai, a jiƙe gefen famfon da guntun notin da man sakin tsatsa, ko man gas in babu, a bar shi yini guda cur ba mai taɓawa. To ya zuba Asabar ɗin nan, mako guda kafin biki, kafin rana ta faɗi, ya rufe bonet, ya miƙa miki gudumar ki ajiye. Da safe ya ɗaura 'yar tabarmar ado da mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu ya zauna kusa da ke a coci, inda matar mai wa'azi za ta gan shi. Aikin da ya kasa yi da bugu ranar Lahadi, man zai yi masa shi yana zaune yana waƙa.

Allah ya ta da motar, ya sa a yi biki lafiya, ya huce miki zuciya.

Goggo Meleane