Tambaya Hamsin, Amsa Hamsin da Ɗaya

Isiyaku Garba Soba,
Layin Masaƙa, Makera,
Kaduna ta Kudu.
Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga
Mai Girma Daraktan Shiyya,
Sashen Kula da Ingancin Makarantu,
Shiyyar Kaduna ta Kudu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: LITTAFIN BITAR KEMISTIRI DA AKE AMFANI DA SHI A KWALEJIN TAURARON KUDU, BARNAWA

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri, ni ne mahaifin Maimuna Isiyaku, ɗalibar ajin ƙarshe a sashen kimiyya na makarantar da aka ambata. Shekara ashirin da biyu na yi ina haɗa sinadarai a ɗakin rini na masaƙa kafin a rufe ta. Ban yi digiri ba, amma na san asid in na gan shi. Ina roƙon izinin gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. A watan Oktoban bara, malamin Kemistiri, Malam Albert, ya umarci ɗalibai su ajiye duk wani littafin bita, su riƙe guda ɗaya mai koren bango da ya zaɓa musu. Littafin ba shi da sunan marubuci, ba shi da adireshin maɗaba'a, sai lambar waya a bayansa wadda na kira sau tara ba ta shiga ba.

2. A babi na huɗu akwai tambaya hamsin, amma jerin amsoshin da ke ƙarshe hamsin da ɗaya ne. Wajen bugawa an yar da tambaya ta 17, an bar amsarta. Saboda haka daga nan zuwa ƙarshe, kowace tambaya tana ɗauke da amsar da ba tata ba. Misali, tambaya ta 23 ta nemi abin da ke mai da shuɗiyar takardar gwaji ja. Amsa ita ce ruwan lemun tsami. Littafin ya ce ruwan gishiri. Yallaɓai, ko leburan da ke wanke mana tukwanen rini da ya yi dariya.

3. Ranar 13 ga Janairu aka yi jarrabawar gwaji. An kwashe babin nan ɗungurungum aka ba yara, kuma da jerin amsoshin littafin aka yi maki. Yaran da suka haddace haruffa kamar lambar waya, A, C, C, B, sun ci arba'in da wani abu. Maimuna, wadda ta zauna ta yi lissafinta tambaya bayan tambaya, ta ci ashirin da biyu.

4. Dokar makarantar ita ce, wanda bai kai rabi ba a gwajin ba za a yi masa rajistar Kemistiri a jarrabawar WAEC ba. Maimuna aikin haɗa magunguna take son karantawa, kuma babu Kemistiri babu wannan hanya.

5. Don kada a ce son ɗiya ne ya rufe mini ido, na kai takardarta wa Madam Deborah ta Kamazou, wadda ta koyar da Kemistiri shekara talatin kafin ta yi ritaya. Ta sake yin makin a gabana, Maimuna ta samu arba'in da huɗu. Ta sa hannu a kai, ga kwafi nan na haɗa da wannan takarda, tare da hoton shafukan littafin.

6. Ranar 22 ga Janairu na je wurin Malam Albert. Bai ko buɗe littafin ba, ya shaida mini cewa abin da aka buga an riga an buga. Ranar 30 ga wata na ga shugaban makaranta bayan zaman awa biyu a benci. Ya saurare ni da fara'a, ya yaba yadda nake kula da karatun 'yata, ya ce babban rangwamen da zai yi shi ne waɗanda suka faɗi su sake jarrabawar ranar Litinin, 10 ga Fabrairu. Na tambaya da wane jerin amsoshi za a yi maki. Aka ce da wanda ake da shi. Ina neman gafara, amma a nan ne raina ya ɓaci ƙwarai.

7. Abin da ya fi ci mini rai ba makin ba ne. Shekaranjiya na duba littafin aikin Maimuna, na tarar ta bi amsoshinta na daidai ɗaya bayan ɗaya ta goge, ta rubuta na littafin bitar a kansu. Yarinyar ta fara yarda cewa ita ce ba ta gane ba.

Saboda haka ina roƙon ofishinka da ya turo jami'i ya ƙirga tambayoyin da amsoshin da idonsa, aikin minti biyar ne. A dakatar da littafin. A sake makin takardun duka ajin ta hannun wani malami. A kuma ba iyaye jerin littattafan bita da aka tantance, domin yawancinmu ba mu da yadda za mu bambance na kirki da na banza.

Ina roƙon a yi wannan kafin ranar 10 ga wata. Idan ranar ta zo ba a sa baki ba, ba ni da wata dabara illa in zaunar da 'yata ranar Lahadi, in riƙe mata littafin da hannuna, in taya ta haddace amsoshi talatin da huɗu da ni da ita muka san ƙarya ne. Ina roƙonka da girman Allah kada ka bari in yi haka.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Naka cikin biyayya,

Isiyaku Garba Soba
Mahaifin ɗaliba