Kitson da Fitila Ta Lashe

Zuwa ga Ummusalma, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan duwatsun Shere, mai murmushin da ya fi hantsin Jos daɗi!

Yau kwana huɗu kin share ni. Na kira, shiru. Na bi ta ƙofar gidanku a Gangare sau uku, har mai shayi ya fara yi mini kallon tausayi. Na sani, ni na jawo.

Kin tuna farkonmu? Ina bayan farin ƙyalle da 'yan tsanana na fatar akuya da na samo a mahautar Abattoir, inuwarsu na ta rawa, 'yan kallo na ta hamma. Ke kika kawo dabarar 'yan fim: in matsar da 'yar tsana kusa da fitila, fuskarta ta cika ƙyallen, in janye ta, ta koma kamar wadda aka hango daga nesa. Ranar da muka gwada, wata tsohuwa sai da ta saki salati!

To, ranar Lahadi fa? Muna gwaji, na matsar da Talatu, 'yar tsanar da kika yi sati uku kina yi wa kitso da zaren ulu. Sai kika sunkuya gyara fitila, haske ya sauka a kumatunki. Wayyo ni! Wane ɗan Adam zai tuna da abin da ke hannunsa? Ƙauri ne ya dawo da ni, rabin kitson ya tafi. Ba ki ce uffan ba, kika ɗauki jakarki. Wallahi da zagina kika yi ya fi mini sauƙi.

Asabar muna da wasa a Bukuru. Pam ya gwada riƙe fitila, ya kusa makantar da ni. Na gwada gyara kitson, ya fito kamar sheƙar tsuntsu. Amma ba wasan nake tsoron rasawa ba, ke ce. Ki zo, ki yi mini dariya son ranki, sannan ki gyara.

Na yi alkawari, idona ba zai bar ƙyallen ba har a gama tafi. Bayan tafi kuwa, kada ki ce in kalli wani wuri.

Naki yau, naki har gashina ya yi fari kamar ƙyallen nan,
Uzairu